Layin da Munka Lanƙwasa a Nasarawa

Salamu alaikum 'yan ajinmu na yamma. Kafin komai a ba ni fili in ɗan yi fankama: sakamako ya fito, Baba Ummaru ya haye! Lissafi na cinye, Hausa ba a magana, Turancin nan ma da ke yi min kallon hadarin kaji na ja shi da ƙyar har munka tsallake tare. Shekara sittin da 'yan kai, ga furfura ga biro. Tun da azahar nike zagaye Gwadangaji ina raba goro, har mai Keke na ba.

To ina cikin wannan shagalin na buɗe guruf, sai na ci karo da hoton da Bashar ya saka. Don waɗanda ba su gani ba: Bashar ɗan ajinmu, wanda shi ma aikin famfo shike yi, an kira shi wani tsohon gida a unguwar Nasarawa, nan Birnin Kebbi, masai na maido da ruwa. Ya tone bayan banɗaki, ya ishe tsohon bututun ƙasa, maimakon layin shi miƙe zuwa sokawe, ramin da ƙazanta ke taruwa, sai ya yi baka kamar lauje, ya zagaye wani ɗan fili da babu komai a kai. Ya rubuta a ƙasan hoton wai wane gwani ne ya yi wanga aiki, ko barci shike yi. Kunka yi ta zuba mishi dariya. Ya ce gobe zai fasa ta tsakiya shi miƙe layin da roba, kafin la'asar an wuce wajen.

Bashar, gwanin na nan da ranshi. Shi ne tsohon da ke zama bayanka shina aron abin fiƙe fensir. Kar ka sa diga a tsakiyar filin nan. Kuma ka ƙara duba hotonka, can gefen hagu bisa tarin ƙasa akwai wani guntun kasko. Ka kira leburanka yanzu ka ce kar su kwashe shi. Ka yi wannan tukuna, sannan ka dawo ka karanta, don labarin da ɗan tsawo.

Ku yaran yanzu kun ɗauka aikin nan shan shayi ne. Ka yanka roba, ka shafa gam, ka cusa, ka ɗau hoto, a turo ma alat. Ban ce roba ba ta yi ba, wallahi ta yi, ni ma da ita na ƙarasa aikina. Amma dauri, lokacin da Birnin Kebbi ke ƙarƙashin Sakkwato, lokacin da Gesse ɗin nan da kuke gani da gidaje reras gonaki ne, bututun ƙazanta na gasasshen yumɓu ne. Gajere, mai nauyi, mai fushi. Ka aje shi da ƙarfi shi tsage, ka taka shi ba daidai ba shi tsage. Kowane ɗaya sai ka haɗa bakinshi da na ɗan'uwanshi da hannu.

Ni ɗan manomin albasa ne, kuma ba da ƙuruciya na shiga aikin ba, da gemuna na shiga, har na yi aure. Wanda ya koya min shi ne Baba Manu, Bakabe ɗan Argungu, gajere, da zanen Kabawa a kumatu, muryarshi kamar ana jan galan. A Sakkwato ya koyo aikin. Ran da na je wurinshi ban taɓa ko sifana ba, diga ya miƙo min. Na shekara ina haƙa rami ina ɗaukar kwanon sarki, in na yi ƙorafi sai shi ce wanda bai san ƙasa ba bai san bututu ba, don bututu baƙo ne, ƙasa ce mai gida. A lokacin haushi nike ji. Na ɗauka wayon tsofaffi ne na samun lebura kyauta.

Akwatin kayan aikinshi na ƙarfe ne, kore, ya fi buhun gero nauyi, ni ke ɗauka. A ciki akwai babban makamin bututu da shike kira Kada, don in ya ciji ƙarfe ba shi saki. Akwai zarto, guduma, cokalin magina da bakinshi ya cinye har ya zama kamar ganyen mangwaro, da dunƙulen igiyar rama, da tiyo siriri mai nuna ciki, wanda ake cika wa ruwa a auna gangare. Sai kuma sandunan gora masu bakin tagulla, ana murɗa wannan a gindin wannan a yi ta zurawa cikin layi har a iske inda ya toshe. Waɗannan sandunan ko ɗanshi bai yarda shi taɓa ba. Duk Juma'a da safe shi wanke su, shi shafa musu man gyaɗa, shi jera a rana.

Haɗin baki kuwa ga yadda ake yi. Ka jiƙa rama a ruwan siminti, ka naɗa a bakin bututu, ka dandanna ta ciki a hankali, sannan ka kawo kwaɓaɓɓen siminti ka yi mishi wuya, ka shafe da babban yatsa. Ba safar hannu, ba komai. Wanga babban yatsan da jikata ta koya wa latsa waya, har kuke cewa ya fi naku gudu, siminti ya cinye zanenshi tas. Shi ya sa wayata ba ta gane ni da yatsa, sai na zana mata layi.

Aikin farko da na ga kan sandar gora ya yi magana, a gidan wani attajirin shinkafa ne. Ya gina masai na ruwa, na zamani, don baƙi su gani. Wata biyu ya toshe. Munka zura gora, Baba Manu ya kara kunne a jikin sandar shina juyawa, ya ce shina jin ƙaras-ƙaras. Da munka buɗe camba, wato ɗan akwatin simintin da ake leƙa layi ta ciki, sai ga tsakuwa cike. Ashe danginshi na ƙauye in sun zo, da 'yan duwatsunsu na tsarki suke shiga kamar yadda sunka saba a daji, in sun gama su jefa a ciki. Alhaji ya ce a yi musu faɗa. Baba Manu ya ce ba a yi wa baƙo faɗa a kan tsarkinshi, ya sa na haƙa musu masai irin na gida a can ƙuryar katanga. Daga ranar ba a sake kiranmu ba.

Masu kiranmu ba su da yawa, gidajen ma'aikata ne da 'yan Alhazai. Kuma in an kira mu ba a so maƙwabta su gani. Ta ƙofar baya muke shiga. Ba mai ba mu hannu. In an kawo abinci, akwai wani kwano da ake ware wa irinmu, wanda kaji ke shan ruwa a ciki in ba mu zo ba. Baba Manu ko a jikinshi. Shi dai ce min shike, mu ne kaɗai mutanen da ke sanin abin da mai gida ya ci ba tare da mun tambayi matarshi ba.

Sai ga muguwar shekara. Ruwa ya ɗauke tun gero bai yi bununi ba, shinkafar fadama ta ƙone a tsaye. Siminti ya ɓace a kasuwa, kayan famfo da ake kawowa daga Sakkwato sunka daina zuwa. Famfon gari sai shi yi kwanaki shina huci ba ɗigo. Wa zai zuba bokitin ruwa a masai alhali bai samu na sha ba? Mutane sunka sa wa banɗakunan zamani kwaɗo sunka koma haƙa rami. Aiki ya mutu murus. Munka tattara munka koma Argungu, muna haƙa wa masu albasa rijiyoyi a fadama, ana biyanmu da abin da ya samu, wata rana kifi busasshe, wata rana godiya. A shekarar kuma ƙyanda ta shigo ta yi ta ɗibar yara, nan da can duka.

A nan gidan Baba Manu na Argungu na ga ajiyarshi. Bayan ɗaki, ƙarƙashin tsohuwar zana, ya jera bututun ƙasa sabbi fil, ragowar wani aiki da anka bar mishi. Matarshi, Inna Hajo, na fama da ciwon gwiwa, tsuguno na yi mata wuya ƙwarai. Ya yi mata alkawarin masai na zama, irin na gidajen da muke gyarawa. Bututu ya samu, saura siminti da kwanon zaman. Duk wanda ya zo saye, ko a shekarar yunwar nan, sai shi ce ba na sayarwa ba ne, na gwiwar Hajo ne.

To yanzu ga gidanka, Bashar.

Bazarar da ta biyo baya, an fara ganin hadari can gabas amma bai sauka ba, wani akawun ofishin gona, Malam Sani, ya aiko a kira mu Nasarawa. Gidan gwamnati ne anka ba shi. Tun daga zaure wari ya tare mu. In an zuba ruwa a masai sai shi yi gurnani shi dawo ta makwararar wanka. Gindin bango ya jiƙe ya yi baƙi, kyankyasai na yawo da rana tsaka, sauro kamar an yi kiranshi. Bayan banɗaki kuwa, a cikin wannan bazarar da ko akuya ba ta samun abin tsinka, ciyawa ce kore shar, ƙasar wurin ta yi taɓo. Ruwan ya fara tsatsa ta ƙarƙashin katanga zuwa lungu, maƙwabta sun kai ƙara, duba-gari ya zo ya ce in ya dawo ya ishe haka zai rubuta a rufe gidan. In anka rufe, gwamnati ta karɓe abinta, Malam Sani da iyalinshi sai titi.

Munka zura gora ta camba. Ta tahi, ta tahi, ta tsaya. Baba Manu ya zaro, ya duba kan sandar, ya miƙo min. Ba tsumma, ba gashi, ba tsakuwa. Jar ƙasa ce. Ya ce, ka gani? In sanda ta dawo da abin mutane, toshewa ce. In ta dawo da ƙasa, bututu ya fashe, mai gida ta shigo ɗakin baƙo. Ya shimfiɗa sandunan a bisa ƙasa ya auna, wurin fashewar ya faɗa daidai tsakiyar ciyawar nan. Aiki mai sauƙi: a tone, a cire fasasshe, a sa wani. Yini ɗaya.

Na ɗauko diga na zagayo, sai na ishe tsohuwa ta shimfiɗa tabarma a kan wurin ta zauna, da carbinta. A cikin wannan warin da ni kaina sai da na ɗaure hanci. Inna Abu ke nan, mahaifiyar Malam Sani, Bakatsina, aure ya kawo ta ƙasar Kabi tun tana yarinya, kuma ungozoma ce, ita ke karɓar haihuwar rabin unguwar. Ta ce nan wurin ba a haƙa shi. Ɗanta ya durƙusa ya yi magiya, ya ce Inna gida za a karɓe. Ta ce a karɓe. Ya tambayi dalili, ta juya kai. Matarshi na tsaye bakin madafa da jariri a baya, ya dube ta, ta sunkuyar da kai ta shige ciki.

Kun san Kabawa da Katsinawa akwai wasa tsakaninsu, ba mai jin haushin wani. Baba Manu na jin harshenta ya gane. Ya matso ya ce, "Bakatsina, ashe haka kuke son turare? Tashi in tono miki na ƙasan, ya fi ƙarfi."

Ta ce, "Kai da anka haifa cikin ƙarnin kifi har kana da hancin jin wari? Bawan gidanmu, ɗauki digarka ka je ka haƙa gulbi."

Ya ce to ai bawa ba shi ƙin umarnin uwar ɗakinshi, amma ta ba shi izini shi fara daga can bakin sokawe, nesa da tabarmarta, shi ga lafiyar sauran layin. Ta ci gaba da jan carbinta. Ya ɗauki hakan a matsayin to.

Ni na fara haƙar. Abin da ya ba ni mamaki, ƙasar Nasarawa ta wajen nan marmara ce, diga na tsalle a kanta, amma a kan layin shebur kaɗai na shiga kamar a gari. Ina matsowa wajen tsohuwar, ban kai zurfin gwiwa ba, shebur ya ɗago wani kasko a kife, an aje shi daidai kamar murfi, da ɗan ruɓaɓɓen ƙyalle a ƙarƙashi. Na ɗaga zan wurgar bisa tarin ƙasa, sai na ji ƙafar Baba Manu ta danne shebur ɗin. Ya sauka ramin, ya karɓi kaskon da hannu biyu, ya maida shi yadda shike a kife, ya tura ƙasa da tafin hannu ya rufe. Sannan ya ce wa Malam Sani shi je shi sawo mishi goro a bakin kasuwa, wai na kusa ba shi da kyau. Ni kuma ya ce in juya baya in wanke sanduna. Na juya, amma kunne ba shi da baya.

Ya tsuguna gefen tabarmar. Wasan duk ya fita daga muryarshi. Ya ce, "Nawa ne, Bakatsina?"

Ta aje carbin. Ta ce, "Huɗu. Biyu sun tahi makaranta, ɗaya ga shi can a bayan uwarshi."

"Na huɗun fa?"

Ta dafa tabarma da tafin hannu. "Takwarata. Ƙyandar bara. Maza sun ɗauke ta sun kai inda mata ba su zuwa. Ko gabas ne ko yamma ban sani ba. Nan kaɗai na san hannuna ya aje wani abu nata."

Ku 'yan asibiti watakila sai an yi muku bayani. Dauri in mace ta haihu a gida, ungozoma ke wanke mabiyiya, ta naɗe a ƙyalle, ta haƙa rami a bayan ɗaki kusa da inda mai jego ke wanka, ta binne, ta kifa kasko a kai. Aikin mata ne, namiji ba shi tambayar ina, ko uban ɗan. Inna Abu ta zo gidan gwamnati, ba wanda ya gaya mata akwai wani abu a ƙarƙashin ƙasa, su a garinsu masai rami ne, inda ka gan shi nan ya ƙare. Ta zagaya da dagi ko'ina marmara, sai wannan ɗan zirin ta samu da laushi. Ta ce Allah ne ya nuna mata. Alhali ramin bututu ne da anka cike. Duk jikan da anka haifa, nan take kai tashi, a jere, bisa layi. A na ƙarshen ne ta zurfafa, ta ce ta ji dagi ya bugi wani abu ya yi ƙara kamar tulu. Ta rufe, ba ta gaya wa kowa ba. Da wari ya fara ta san daga ina ne, ta kuma san in an kira masu gyara, maza za su zo da diga su watsar da duka.

Baba Manu ya miƙe shina kaɗe gwiwa. Ya daɗe shina kallon filin, daga bangon banɗaki zuwa sokawe. Shi ne mutumin da kullum ke ce min ruwa ba shi son kwana, layi in ba miƙaƙƙe ba ne to rigima ka binne. Da Malam Sani ya dawo da goro, ce mishi kawai ya yi tsohon layin ya mutu, ba shi gyaruwa, sabo za a ja ta gefe. Malam Sani ya ce ta cikin marmara? Ya ce ta cikin marmara. Bai gaya mishi dalili ba, kuma har munka bar gidan bai ji daga bakinmu ba.

Matsalar ita ce zagaye ya fi miƙe cin bututu, kuma ko ɗaya babu a kasuwa, daga nan har Sakkwato. Washegari da safe ya ce in hau mota in tahi Argungu in gaya wa Inna Hajo a buɗe zana. Na tsaya ina kallonshi. Ya ce mi nike jira, ko sai ya rubuta min a goshi.

Na ishe Inna Hajo tana tankaɗe a zaune, ƙafa a miƙe. Na faɗi saƙo, ta tambayi ko na wane babban mutum ne. Na ba ta labarin tsohuwar da tabarmarta, don ita mace ce, ba laifi ta ji. Ta aje rariya. Ta ce ashe gwiwarta za ta ƙara jira. Da kanta ta dafa bango ta tashi, ta nuna min inda karan shinkafa shike, munka naɗe kowane bututu kamar ƙwai. A bayan motar albasa na kawo su, ina zaune a kansu ina riƙe, duk ramin da direba ya faɗa sai na ƙara rungume su.

Haƙar marmarar nan kuwa, kar Allah shi maimaita. Tafin hannuna ya fashe ya warke ya sake fashewa. Baba Manu ya ja zane da toka a ƙasa, baka mai faɗi, don kar ruwa shi ji an juya shi. Ba mu da bututun kwana, to kowane guda sai shi karkata bakinshi kaɗan, kamar kaurin yatsa, na gaba ma haka, na gaba ma haka, har layin ya lanƙwashe bai sani ba. Ni ina riƙe da bakin tiyo ɗaya shi ɗaya muna auna gangare, don in ya yi tsaye da yawa ruwa shi gudu shi bar kaya a baya, in ya kwanta da yawa duka su zauna. Simintin ma rabin buhu ne Malam Sani ya samo wurin wani abokinshi, muna ɗibarshi kamar gishiri. Tsohon layin munka toshe bakinshi biyu munka bar shi a ƙasa da abin da ke bisanshi. Inna Abu na nan a tabarmarta kullum, tana gaya wa Baba Manu wai ko kifi ya fi shi iya tafiya miƙe.

Ranar gwaji hadari ya haɗu baƙi ƙirin, iska ta fara kaɗa zanar maƙwabta. In ruwa ya sauka a buɗaɗɗen rami da ɗanyen siminti, aikin ya tashi a banza, kuma babu sauran bututu a duniya. Gwajin Baba Manu albasa ce. A jefa ƙaramar albasa a masai, a bi ta da bokiti ɗaya, in ta fito a cambar ƙarshe layi ya yi. Inna Abu ce ta kawo albasar daga madafa. Anka jefa, anka zuba. Ina tsugune a camba, ruwa ya zo ya wuce, ba albasa.

Baba Manu ya bi layin a durƙushe shina ƙwanƙwasa kowane bututu da gindin cokali, kunne a kai. A tsakiyar bakan ya tsaya. Siminti ne ya tsatso ta cikin wani haɗi ya yi leɓe. Sai da munka sare wuyan a hankali, da ƙusa da 'yar guduma, don in bututun ya tsage shi ke nan. Ya fita lafiya. Ga albasa zaune. Munka kankare, munka sake haɗawa, munka rufa mishi buhu. Na biyun da anka jefa, kafin in gyara tsuguno ta faɗo camba tana juyi. Na ɗaga ta sama kamar na kamo giwan ruwa. Muna cike rami yayyafi na dukan bayanmu.

Duba-gari ya dawo ya shaƙa ya shaƙa bai samu abin rubutawa ba, ya tahi. Filin tsakiya munka zuba mishi toka da yashi, kafin kaka ya bushe. Ranar da za mu bar gidan, Inna Abu ta dama fura a ƙwaryarta ta kanta, ba a kwanon kaji ba. Ta miƙa wa Baba Manu, ya sha, ya miƙo min, na sha. Ta karɓa ta kafa baki a inda munka sha ta shanye sauran. Ta ce, "Bakabe, na 'yanta ka." Ya ce ai bai gama jin daɗin bautar ba.

Baba Manu bai ga Birnin Kebbi ta zama babban birnin jiha ba, saura kaɗan Allah ya karɓi abinshi. Bai kuma sake samun bututun da zai cika alkawari ba. Ni na je daga baya na yi wa Inna Hajo masai na zama, da roba, yini ɗaya na gama. Ta shiga ta duba ta fito, ta sa min albarka, ta ce ya yi kyau ƙwarai. Sannan ta tambaye ni ko na Nasarawa na nan na aiki. Na ce shina nan. Duk zuwan da na yi Argungu har ta rasu, sai ta yi min wannan tambayar kafin ta tambayi iyalina. Sandunan gora suna wurina. Ba mai kira a zura su yanzu, amma ran Juma'a ina shafa musu mai.

To Bashar, layin ya yi shekarunshi, in ya gaji ya gaji, ban ce kar ka canza ba. Sa robarka. Amma ka bi bakan yadda ka ishe shi, ramin ma mun riga mun fasa maka marmarar, ba ka da asara. Mai gidan da ya kira ka, in shi ne wanda nike zato, don na ji gidan ya zama nasu daga baya, shi ne jaririn da ke bayan uwarshi ranar nan. Ba sai ka yi mishi dogon bayani ba. In mahaifiyarshi na da rai ka ce a gaya mata za a taɓa bayan banɗaki, za ka ga abin da za ta ce.

Kaskon kuma ka aje min shi a inuwa. Daga inda ka fara tonon na san ko na wane ne, na san inda za shi koma, kuma a kife ake maida shi. Gobe in Allah ya kai mu, kafin rana ta yi zafi zan hau Keke in ishe ka. Ka taho da gam ɗinka, ni zan taho da albasa.